Hular da Na Ɗinka wa Baba Tanko

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar Baba Tanko ba, kuma ko na so in manta, mutanen Jarwal, unguwarmu a Makka, ba za su bar ni ba. Shekaru sun shuɗe, gemuna ya yi fari fat, amma har yau in na buɗe baki zan gyara wa wani magana a majalisa, sai wani tsoho ya ɗago kai ya ce, "A yi shiru, mai hula zai yi bayani." Jikokina suna zaton sana'ata ake nufi, tunda ɗinkin hula nake yi. Na daɗe ina barin su a haka. Yau dai gara in faɗi abin da bakina, kafin mai ɗakina Asabe ta faɗa musu da gishirinta.

Ina da wani hali tun ina yaro, kuma shi ne ya ja mini. Mutum zai fara yi mini bayani, kafin ya kai tsakiya sai in ce, "Na gane, na gane." Ba don na gane ba. Kawai ba na son a ga kamar ina buƙatar ƙarshen magana.

Da ƙafa muka baro ƙasar Kano ni da iyayena, muka yi shekara huɗu a hanya, muna tsayawa muna aikin auduga muna ƙara gaba. A Bur Sudan, bakin teku, mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Ina ɗan shekara goma sha bakwai lokacin, sai na samu aikin boyi a gidan wani Bature da ke aiki a tashar jirgin ruwa. Wanki da guga da goge takalmi, su ne aikina. Uwargidansa ba ta yarda da kai 'ya'yanta ko'ina ba, ita ke koya musu karatu a baranda kowace safiya, su uku. Ni kuma teburin gugata yana ƙarshen barandar, don haka duk abin da ake yi a idona ake yin sa, ko da yake ban san ko kalma goma ta Turanci ba.

To akwai wani abu da uwargida ke yi wanda ya tsaya mini a rai. Wani lokaci ana cikin karatu sai ta tashi ta ɗauko wata doguwar hula ta farar takarda, mai faɗi a ƙasa, mai tsini a sama, da wani zane baƙi a gabanta. Sai ta sa wa na tsakiyan, wani mai jan gashi da kumatu. Ta ɗora shi a kan doguwar kujera wadda ta fi ta kowa tsawo, a kusurwa, ya fuskanci bango. Ba mai yi masa magana. Ba a ba shi rubutu. Sauran biyun suna ta fama da alli, shi yana zaune a sama abinsa.

Yanzu don Allah ku yi mini adalci. A wurinmu wa ake sa wa hular da ta fi ta kowa tsawo? Wa ake ɗorawa sama da jama'a? Wa ake ɗauke wa aiki, a hana yara damunsa da surutu? Ai babba ne. Fuskantar bangon kuwa na ɗauke shi irin halwar da malamai ke shiga. (Na sha ganin yana share ido da bayan hannu, amma na ce tsoron Allah ne ya kama shi.) Kuma kusan kullum shi ake sa wa, har na fara girmama yaron, ina goge takalminsa sau biyu.

Ran nan maigidan yana shan shayi shi kaɗai, na yi ƙarfin hali na tambaye shi da Larabcinmu na kasuwa, don yana ɗan taɓawa. Na ce mece ce wannan hula? Ya yi dariya har shayi ya zubar masa a wando. Ya ce sunanta hular "dans". Ya ce kalmar sunan wani babban shehinsu ne na zamanin da, mai ilimi kamar teku, wanda ya rubuta littattafai masu yawa, ya tara almajirai a manyan makarantun ƙasarsu. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma bayan ya mutu..."

"Na gane, ranka ya daɗe, na gane," in ji ni, na ɗauki takalma na yi gaba.

Shi ke nan. Na haye teku da wannan rabin labari a kaina, na sa wa mutumin suna Shehu Dansu, na ajiye shi cikin ilimin da nake taƙama da shi.

Da muka iso Makka ni da mahaifiyata ba mu san kowa ba. Baba Tanko ne ya tsince mu a gefen hanya muna zaune kan ƙunshin kayanmu. Basakkwace ne, mai sayar da ruwa, ba mata ba ɗa. Garwa biyu yake ratayawa a sanda, ya cika su a bazan, wato wurin ɗiban ruwan unguwa, ya hau da su benayen Makkawa hawa huɗu hawa biyar, tun safe har rana ta yi sanyi. Kafaɗunsa duk kanta. Ya nema wa mahaifiyata ɗaki wurin wata tsohuwa, ni kuma ya raba bukkarsa ta gwangwani biyu ya ba ni rabi. Shi ya kai ni wurin wani tela mutumin Buhara na koyi ɗinkin hula. Shi ya shige mini gaba wajen neman auren Asabe, wadda a nan Makka aka haife ta, iyayenta suna ganin ni baƙauye ne da ƙurar hanya a ƙafa. Ba zan tsaya ina kwana-kwana ba, ina ƙaunar tsohon nan fiye da yadda na iya nuna masa.

Akwai abin da ya taɓa gaya mini sau ɗaya tak, muna zaune a inuwar bukka da azahar, bai kuma sake tayar da zancen ba. Ya ce yana yaro a ƙauyensu an sa shi makarantar allo, ya yi shekara uku bai wuce ƙananan surori ba. Ran nan malamin ya kama hannunsa ya kai shi gaban mahaifinsa, a gaban mutane, ya ce, "Ga ɗanka. Daƙiƙi ne, a ba shi fartanya." Sunan ya bi shi. Har ya girma, in an ce Tanko sai a ce wanne, a ce Tanko daƙiƙi. Ya ce mini, "Ni dai ban san ko hajji ta fisshe ni garinmu ba, ko sunan ga." Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai idonsa ba.

Abin da ya yi kuwa shi ne, yana da shekara hamsin da wani abu ya sayi allo. Kowace asuba bayan salla sai ya zauna gaban Malam Bala, limamin ƙaramin masallacinmu, kafin ya ɗauki garwa. Aya biyu, aya uku, wata rana ɗaya. Ya wanke, ya sake, ya manta, ya koma. Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare da 'yan shekaru, cikin watan Zulƙida, alhazai sun fara cika gari, Malam Bala ya sanar a masallaci cewa Baba Tanko ya sauke Alƙur'ani, za a yi walima ranar Alhamis bayan la'asar.

Unguwa ta ɗauka. Masu ruwa 'yan'uwansa suka ce su za su kawo rago. Mata suka ce shinkafa tasu ce. Wani ya kawo allo mai zayyana, wani ya kawo rawani. Ni kuwa na ce a raina duk wannan kowa na iya yi. Ni da na zauna da Turawa (shekara ɗaya da wata biyu, a bakin teburin guga), ni zan kawo abin da ba a taɓa gani ba a Jarwal. Mutumin da aka kira daƙiƙi a gaban jama'a, zan sa masa hular manyan shehunan Ingila a gaban jama'a.

Na rantse ban taɓa zuba basirata a kan wani ɗinki kamar wannan ba. Na ce takarda ai ta yara ce, dattijo sai karammiski. Na samo kore mai duhu a kasuwa wurin wani Ba'indiye. Na yanka kwali na naɗe shi ya yi tsini, tsawonsa kamu guda cif, na lulluɓe shi, na yi masa shafi da alharini. Zanen nan na gaba, ban san harafi ne ba, na dai tuna siffarsa, sanda a tsaye da ciki a gefe guda kamar rabin ƙwarya. Na ɗinka shi da zaren zinare, na kewaye shi da furanni. A can ƙololuwa na ƙara tuntu, don na ga Turawa sun yi sakaci a nan.

Asabe ta leƙo ta same ni ina juya ta a hannu ina murmushi ni kaɗai.

"Ya sheh, wannan mene ne? Mazurarin mai kananzir ne ya kawo gyara?"

"Hula ce. Ta Baba Tanko."

"Wallahi? Ammi Tanko zai sa wannan a kansa? Da wane laifin?"

Na yi mata bayanin Shehu Dansu dalla-dalla, na ƙara da abin da Bature bai faɗa ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "Tayyib. Amma ga malamin boko nan ya sauka gidan maƙwabta, ɗan Zariya, an ce Turanci a bakinsa kamar ruwa. Ka kai masa ya gani mana kafin Alhamis."

Na ce mata shi a littafi ya karanta Turawa, ni kuwa wandunansu na goge. Ta ce, "Halas," ta koma kan tukunyarta. Duk wanda ya san Asabe ya san in ta ce halas ba ta gama ba, ajiyewa ta yi.

Ranar Alhamis aka shimfiɗa tabarmi a filin gaban masallaci, aka kafa rumfa. Maza sun cika wurin, mata suna bayan labule a zauren Malam Bala suna jin komai. Har wasu Makkawa da Baba ke kai wa ruwa sun sauko daga benayensu sun zo, abin da ba kasafai suke yi mana ba. Baƙon nan ma an gayyato shi. Malam Yahuza sunansa, siririn mutum mai tabarau da sanyin murya, malamin makarantar midil da ya zo sauke farali. Aka ba shi wuri a gaba.

Baba Tanko ya fito cikin farar riga sabuwa, ya zauna gaban Malam Bala da allonsa. Malam ya karanta, shi ya bi. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ga masu ruwa, ƙarti majiya ƙarfi, suna goge ido da gefen mayafi. Aka shafa fatiha, mata suka rangaɗa guɗa, Makkawa suna ta "Mabruk, ya ammi, mabruk." Malam Bala ya miƙa hannu zai ɗauki rawani.

A nan ne na miƙe.

Na ce a dakata. Na sa aka shigo da doguwar kujerar da na aro wurin mai kantin bakin titi, wadda yake hawa in zai sauko da kaya daga sama. Na kama hannun Baba na ɗora shi a kai, ƙafafunsa suna reto. (Na so in juya shi ya fuskanci bango, Allah ya taimake ni babu bango kusa.) Sannan na kwance ƙunshi na fito da hula.

Ku sani a Makka babu irin hular da ido bai gani ba. Ta Buhara, ta Jawa, ta Hindu, ta Turkawa mai kama da turmi. Don haka ba wanda ya yi dariya. Sai ma aka ce, "Masha Allah!" da zaren zinaren ya kama hasken yamma. Na gyara murya na yi jawabi. Na ce a ƙasar Ingila akwai wani waliyyin ilimi, Shehu Dansu. Na ce ba a sa hularsa sai ga wanda ya fi kowa a makaranta. Na ce da idona na ga ana yi, ba labari aka ba ni ba. Na ce yau ga ɗan Sakkwato ya kai wannan matsayi a mahaifar Manzo. Na ɗaga ta da hannu biyu na ɗora masa. Ta zauna daram, don na san awon kansa.

Baba ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya sa hannu ya taɓa karammiskin a hankali, ya gyara zama, ya miƙe wuya.

Da na tsaya a nan, da wataƙila har ya koma ga Allah yana jin daɗin hularsa, ni ma ina jin daɗin kaina. Amma ina! Idona ya faɗa kan Malam Yahuza. Ya sunkuyar da kai yana goge tabarau da bakin riga, gogewar da ba ta ƙarewa. Na ce a raina ga shaida Allah ya kawo har gida, kuma Asabe tana bayan labule tana ji.

"Malam Yahuza, kai ka yi karatun Turawa. Ka san hular nan ko?"

"Na... na san ta, Alhaji. Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai. Ban taɓa ganin wadda aka yi wa aiki haka ba."

"Ba ɗinki na tambaye ka ba. Gaya wa jama'a wa ake sa wa."

"Alhaji, abinci zai huce. A bari sai an natsa, ni da kai."

Mutumin kirki, ya buɗe mini ƙofa har sau biyu in fita. Ni kuwa na ɗauka hassada ce irin ta 'yan boko, ba ya son a ce tela ya san abin da ya sani. Sai na juya na nuna wajen Harami da hannu, na ɗaga murya yadda na bayan labule za su ji da kyau.

"Na haɗa ka da Ubangijin Ɗakin nan da ka baro garinku dominsa, ka faɗi gaskiyar abin da hular nan take nufi, kada ka rage komai."

Wurin ya yi tsit. Kowa ya san ba a yi wa mutum irin wannan a Makka, cikin watan alfarma, ya kuma kauce. Malam Yahuza ya mayar da tabaransa, ya dube ni da tausayi, ya ce, "Alhaji, da ka bar ni." Sannan ya juya wajen Baba, ya rage murya, amma a shirun nan ko a zaure an ji.

"Baba, ka gafarce ni. A makarantunsu, yaron da ya kasa karatu shi ake sa wa. Horo ne. A ɗora shi a sama don kowa ya gan shi ya yi masa dariya. Zanen nan na gaba harafin farko ne na kalmar, kalmar kuwa zagi ce."

Wani daga baya ya ce, "Wane irin zagi?"

Malam Yahuza ya ce, "Da Hausa dai... daƙiƙi."

Na ji kalmar ta faɗo tsakiyar fili. A duk taron nan ni kaɗai na san abin da take nufi ga mutumin da ke kan kujerar. Ni kaɗai ya amince wa ya gaya wa. Kuma ni ne na ɗinka ta da zaren zinare na ɗora masa a ka, ran da ya yi shekara goma sha ɗaya yana jira. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar Makka dutse ce. Daga bayan labule na ji murya guda, wadda na sani sarai, ta ce, "Ya Latif."

Na saci kallon Baba. Murmushin ya tafi. Hannunsa ya tashi zuwa hular ya tsaya a hanya, ya dawo kan gwiwa. Ya daɗe yana kallon allonsa da ke jingine a ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ba tsoron duka ko zagi ba, tsoron kada ya zaci da gangan na yi.

Can ya ce, "Malam, shehun da yaron ga ya faɗi fa? Ƙarya ta?"

"A'a Baba, nan ya yi gaskiya. An yi shi, shekaru ɗaruruwa da suka wuce, malamin addininsu ne, kuma a zamaninsa ba a kai shi zurfin tunani ba. Almajiransa da sunansa ake kiran su, abin alfahari ne. To bayan ya mutu da daɗewa sai wani sabon karatu ya shigo, almajiran nasa suka ƙi shi, suka kafe a kan na da. Masu sabon karatu suka riƙa yi musu ba'a da sunan malaminsu. Tun ana nufin mai taurin kai, har aka koma nufin wanda ba ya gane komai. Yanzu yaran da ake sa wa hular ba su ma san an yi wani mutum mai sunan ba."

Wato ƙarshen maganar da Bature ya ɗaga yatsa zai faɗa ke nan. Ta biyo ni ta haye teku, ta yi shekara goma sha biyar tana nemana, ta same ni a gaban duk wanda na sani a duniya.

Baba ya girgiza kai, tuntu ya yi rawa. "Allah Sarki, bawan Allah. Ya yi karatu ya gaji, sunka maishe shi daƙiƙi bayan ba shi nan." Ya dubi Malam Yahuza. "In an sa ma yaro, kwana nawa yaka yi da ita?"

"Ba a kwana, Baba. Sa'a guda ce, ko ƙasa da haka. In an tashi makaranta a cire."

"Sa'a guda," in ji Baba. "Turawa na da sauƙi."

Ya sauko daga kujerar da kansa, ya ƙi hannun da na miƙa masa. Ya sa hannu biyu ya cire hular, ya juya ta ya dubi zanen, ya hure 'yar ƙurar da ta hau. Sannan ya dube ni.

"Malam ya ce wanda ya kasa karatunai aka sa ma. To jama'a, ni dai na kai nawa yau, kun ji da kunnenku. Wa ya rage?"

Ban jira an kira sunana ba. Na sunkuyar da kai, ya ɗora mini. Ta yi mini yawa, ta sauko har gira. Wanda ya fara fashewa da dariya Malam Bala ne, liman guda, har rawanin da ke hannunsa ya faɗi. Daga nan fili ya ɗauka. Masu ruwa suka ɗauki kujerar suka kai ta jikin bangon masallaci, don Malam Yahuza, da aka matsa masa, ya tabbatar cewa bango ake fuskanta. (Ga shi dai an samu bangon.) Aka ɗora ni. Aka naɗa wa Baba rawaninsa yadda ya kamata tun farko, aka fito da farantan shinkafa da nama, ni ina sama ina kallon farar ƙasa, ƙamshi yana zuwa mini ta baya. Wani Bamakke ya tambayi na kusa da shi ko al'adar Takari ce, aka ce masa a'a, ta Ingila ce.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba, amma ya fi na ɗan Bature. Sai na ji an dafa ƙafata. Baba ne, da faranti a hannu, ya zaɓo mini tsoka. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, kuka ya riga maganar fitowa, ni da 'ya'ya biyu a gida.

"Baba, wallahi ban sani ba. Wallahi da na sani..."

"Na san ba ka sani ba. Kai yaushe ka taɓa tsayawa ka sani?" Ya miƙo mini farantin. Ya jingina da bango kusa da ni, ya yi ƙasa da murya yadda ba mai ji sai ni. "Ka san wani abu? Wadda malamin ƙauyenmu ya sa min, shekara hamsin da ɗori tana kaina. Ba a ganinta, balle a kama a cire. Yau ka ɗinko min wadda ake kamawa da hannu. Na kama, na cire, gaban mutane." Ya ɗaga kai ya dubi tuntun. "Ci abincinka. In ka gama ka maido min abuna, kyauta ce ka ba ni."

Ya karɓe ta kuwa. Bai sake sa ta ba, amma bai yar ba. Shekara shida bayan nan, da muka dawo daga binne shi, muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, ba komai ciki sai allon zayyana, da rawanin, da hular a naɗe cikin tsohon mayafi don kada asu ya ci.

Tana nan rataye a ƙusa saman keken ɗinkina. Masu kawo aiki sukan tambaya ta wace ƙasa ce, in ce musu doguwar magana ce, sai in suna da lokacin jin ta har ƙarshe. Ni dai tun ranar, in mutum ya ɗaga yatsa ya ce "amma", nakan ajiye duk abin da ke hannuna in zauna. Asabe ta ce ban canja ba ko kaɗan, wai jiya ma tana cikin yi mini bayanin maganin da likita ya ba ni na ce na gane. Ta dai ɗaga ido ta dubi ƙusar, ta dube ni, ta tambaya ko in kawo kujerar da kaina ko ta aika a kawo.